"Ni na haifi zakin?" Amsar da aka ba ni ke nan a gaban 'ya'yana

Raina a ɓace yake, kuma duk wanda ya taɓa kwasar yara zuwa gidan zu a yankin nan namu na Bauchi ya san abin da zan faɗa tun kafin in buɗe baki. Ba zan kama sunan wurin ba, domin ciwon ya wuce wuri ɗaya.

Tun kafin Sallah wani hoto ke yawo a WhatsApp: wai an kawo sabon zaki da zakanya, jimina kuma ta ƙyanƙyashe, a zo da yara a sha kallo. Autata ta gani a wayar mahaifiyarta, shi ke nan gida ya ɗauka. Safe da dare maganar ɗaya ce: "Baba, yaushe za mu je?" Akwai lambar waya a ƙasan hoton. Na kira, a kashe. Na sake kira, ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Shafinsu na Facebook kuwa, abu na ƙarshe da ke ciki barka da Sallar bara ce. Haka na ware kuɗin Napep zuwa da dawowa, da na tikiti, da na ruwa da ɗan abin taɓawa, a wannan lokaci da tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fita da iyali sai an zauna an yi lissafi.

Muka sha layi a tsakar rana, muka biya, muka shiga. Yaran suka ruga kai tsaye wajen kejin zaki. Babu komai a ciki sai busasshiyar ciyawa, da daro mai ruwa da ya yi kore, da kwaɗo mai tsatsa a ƙofa. Muka zaga wajen jimina. Guda ɗaya ce tilo, tsohuwa, gashin bayanta duk ya zube, tana tsattsagar ledar ruwa da wani ya jefa mata. Babu ɗa ko ɗaya, babu ko ɓawon ƙwai.

Na komo wajen mai tikiti. Saurayi ne da bai kai ƙanena ba, yana zaune a kujerar roba, ya toshe kunnuwa da abin sauraron waƙa, yana ɓarar gyaɗa yana watsa ɓawon a ƙasa.

Na ce, "Sannu da aiki, ɗan'uwa." Shiru.

Na ce, "Malam, don Allah tambaya nake yi."

Ya zare na kunne ɗaya, bai ɗago ba. "Ina ji."

"Zakin da aka ce an kawo fa? Mun duba, kejin wayam."

"To ba ya nan ke nan."

"Amma ai ku kuka sanar, har da hoto."

"Ni ka ga na sanar?"

Na haɗiye, saboda yara na tsaye a gefena. Na sassauta murya na ce, "To 'ya'yan jiminar fa? Ko akwai lokacin da ake fito da su, mu jira?"

A nan ne ya ɗago. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya hura ɓawon gyaɗar da ke tafinsa, ya ce, "Alhaji, ni na haifi zakin? Ko ni na kwanta a kan ƙwan? Tikiti na sayar maka, ka shiga ka ga abin da ka gani. Matsa, akwai mutane a bayanka."

Wasu samari a layi suka tuntsire da dariya. Autata ta kama gefen rigata ta ce, "Baba, zakin ya mutu ne?" Wallahi ban sami abin ce mata ba. Na tambayi ina shugabansu, ya ce oga ya tafi Sallah. Na ce to a mayar mini da kuɗina, tunda abin da na zo gani babu shi. Ko bakinsa bai ɓata ba, da yatsa ya nuna mini wani kwali da aka liƙa a bango: ba a mayar da kuɗi. Wannan kam sun iya rubutawa, da manyan baƙaƙe, har da ja masa layi. Amma rubuta "yau ba a ganin zaki" a kusa da shi ya gagare su. Mai tsire a bakin titi ma, in hanta ta ƙare, yana faɗa maka kafin ya karɓi kuɗinka.

Kada wani ya ce ban fahimci yadda dabba take ba. Na sani idan aka kawo sabuwar dabba ana killace ta na wani lokaci, likitan dabbobi ya duba ta, ta saba da wurin kafin a nuna wa jama'a. Na sani zakanya takan ɗauki ciki wajen kwana 110, in ta haihu kuma takan ɓoye 'ya'yanta makonni, hayaniya na iya sa ta yar da su. Ƙwan jimina yakan yi wajen kwana 42 kafin ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma ba su da ƙwari a farkon rayuwarsu. Shi kansa zaki yawancin yininsa barci ne, in rana ta take sai ya shige inuwa, shi ya sa kallo ya fi daɗi da sanyin safiya ko bayan la'asar. Duk waɗannan uzurai ne da mai hankali zai karɓa. Da saurayin nan ya faɗi ɗaya daga ciki, da na gode masa, na koma gida na yi wa yara bayani, har su ƙaru da ilimi. Allo da alli sun isa su ɗauke wannan nauyi. Abin da ya hana shi ne ba a ɗauki talaka a bakin wanda ya cancanci bayani ba. Kuɗinsa ake so, shi kuma ya tsaya a rana ya yi shiru.

Kuma ba yau aka fara ba. Shekara da shekaru haka muke: a yi sanarwa da ganga ranar da babban mutum zai zo yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, a watse. Daga ranar ba ka ƙara jin wace dabba ta haihu, wacce ta mutu, wacce aka kai wani wuri, ƙarfe nawa ake buɗewa, nawa ne kuɗin yaro. Sai ka ƙona kuɗin mota ka je ka gane wa idonka.

Abin da ya fi ci mini rai, a Bauchi ake wannan. Jihar da ke taƙama da yawon buɗe ido har a jikin lambar mota. Jihar da ke da Yankari, dajin da aka keɓe tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, wanda gwamnatin tarayya ta riƙe daga 1991 har aka dawo da shi hannun jiha a 2006. Can ne ruwan ɗumi na Wikki yake, can ne ɗaya daga cikin manyan garken giwaye da suka rage a Najeriya yake, ga ɓauna, ga gwanki, ga dorina, da rani kuma dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji. Ga dajin Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006. Allah ya ba mu wannan duka, amma shiga kowace makarantar firamare ta gwamnati a cikin gari ka tambayi yara wa ya taɓa ganin giwa da idonsa. A waya da talabijin suke ganinta, alhali tana nan a Alkaleri, inda Yankari yake. Tafiyar sama da kilomita 100 ba ta talaka mai yara biyar ba ce a wannan tsada. Shi ya sa ɗan gidan zu na kusa yake da muhimmanci a gare mu, shi ya sa wulaƙancinsa ya fi zafi.

Gwamnatoci, wannan bayan wancan, kowace ta zo da alkawarin bunƙasa yawon buɗe ido, amma tunaninsu a kan baƙo mai dala yake tsayawa. Wa yake bin diddigin waɗannan gidaje, na gwamnati da na 'yan kasuwa, ya ga ko dabba na samun abinci da ruwa mai tsabta? Wa yake hukunta wanda ya tallata abin da babu? Wa yake koya wa mai tikiti yadda ake magana da uba a gaban 'ya'yansa? Ai mun ga Maiduguri a Satumbar 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya shiga gidan zu na Sanda Kyarimi, dabbobi da yawa suka mutu, aka riƙa gargaɗin jama'a kan kadoji da macizai da ruwa ya kwaso. Sai masifa ta auku ake tuna akwai rayuka a cikin waɗannan keji.

Mu ma jama'a da namu. Yara na jifan biri da dutse, manya na tsaye suna dariya. Ana tsokanar kura da sanda don ta yi kuka a ɗauki bidiyo. Ana zagin dattijo a layi, maimakon a tsawata sai a ce masa "a yi haƙuri, Alhaji", gobe kuma a sake cika layin a biya. Duk wanda ke da gidan zu a Bauchi ko Gombe, ya sa mutum ɗaya da zai riƙa ɗaukar waya, ya rubuta a bakin ƙofa abin da ke ciki da abin da babu kafin a karɓi kuɗin kowa. In kuma zakin da kuka yi talla da shi bai iso ba, ko ya mutu, ku fito ku faɗa a wurin da kuka yaɗa hotonsa.