Wai don Allah kafaɗa ma sai an je an karanto ta?

Jiya da daddare a majalisarmu aka sa wani abokinmu a gaba da tsiya, laifinsa kawai ya ce ya samu gurbi zai tafi Indiya shekara 1 ya ƙware a tiyatar kafaɗa da gwiwar hannu. Wani dattijo a cikinmu, Alhaji, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Dakta, yanzu duk bokon da ka sha bai ishe ka ba sai ka tsallaka teku ka karanto kafaɗa? To gobe sai wani ya tafi ya karanto mana ɗan yatsa." Aka kwashe da dariya har da shi Daktan. Ni dai ban yi ba, kuma ban gaya wa Alhaji cewa masu karatun yatsun ma suna nan tuntuni ba, kar shayin ya sarƙe shi.

Ni fizyo ne, aikina gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, wato wajena ake turo mutum bayan an gama ɗori ko tiyata, don haka in aiki ya yi kyau ni nake fara gani, in ya ɓaci ma ni ake bari da kukan. Shi ya sa maganar ta tsaya min a rai har na kasa barci sai da na rubuta wannan.

Gaskiyar Alhaji ɗaya ce, bokon da yawa. Shekara 6 a jami'a, 1 ta hausmanshif wato aikin sanin makama a asibiti, 1 ta bautar ƙasa, sannan wajen 6 yana koyon tiyatar ƙashi yana fama da jarrabawar kwalejin likitocin fiɗa ta Afirka ta Yamma, duk kafin a kira shi kwansaltan. To amma a shekarun nan komai ake koya masa, ƙugu, cinya, ƙashin baya, ƙafar jarirai, ciwon dajin ƙashi, kuma abin da ya fi cika ɗakin tiyata a wajenmu karayar cinya da ƙwauri ne na hatsarin mota da babur. Kafaɗa tsintarta ake yi jefi-jefi. Abin da Dakta zai je yi, wanda suke kira feloshif, shi ne ka je ka zauna ƙarƙashin wanda ba ya taɓa komai sai gaɓar nan, ka tsaya gefensa safe da yamma har hannunka ya faɗa. Ko a Amurka haka suke yi, shekara 5 ta tiyatar ƙashi sannan a ɗora 1 ta kafaɗa da gwiwar hannu, ƙungiyarsu ta masu wannan fanni tun 1982 take, Charles Neer na Jami'ar Kolombiya yana cikin waɗanda suka kafa ta.

Kafaɗa ba kamar ƙugu ba ce. Ƙugu taɓarya ce a cikin turmi, ta zauna daram. Kafaɗa kuwa ƙwai ne aka ɗora a kan cokali, ba abin da ke riƙe da shi sai wani zoben guringuntsi da tsokoki 4 da suka rungume kan ƙashin damtse. Shi ya sa take juyawa ko'ina, shi ya sa kuma ta fi duk manyan gaɓɓai saurin gocewa. Kuma matashi in ta goce masa sau ɗaya zoben nan ya yage, sai ta mayar da shi abin wasa, ya ɗaga hannu zai sa riga ta fita, ya yi miƙa cikin barci ta fita. Na san masu farfaɗiya da 'yan ƙwallo da suka haddace yadda za su mayar da abarsu da kansu, suna ganin jarumta ce, alhali duk fita ɗaya tana ƙara cinye bakin ƙashin. In ya cinye da yawa ɗinki ba ya riƙewa, sai an yanko wani ɗan ƙashi daga gaban allon kafaɗa an dasa a wurin da kusoshi, dabarar da wani likitan Faransa Michel Latarjet ya kawo a 1954. Wurin kuwa jijiyoyin da ke motsa hannu gaba ɗaya suna nan kusa, kuskure kaɗan ka shanye wa mutum damtse. Wannan ba aikin da za ka kalla a YouTube da asuba ka shiga ka yi da hantsi ba ne.

Amma wallahi ni gwiwar hannu ce ta fi damuna, don ita ba ta yafiya ko kaɗan. Ƙasusuwa 3 ne suka haɗu a ɗan ƙaramin wuri, ga manyan jijiyoyi 3 da babbar hanyar jini duk sun bi ta nan, kuma in ka ɗaure ta ta daɗe ba motsi sai ta sandare ta ƙi lanƙwasuwa.

Akwai wani yaro da ba na mantawa, bai wuce shekara 7 ba, ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya dafa ƙasa da hannun dama, ƙashin ya karye daidai saman gwiwar hannu, irin karayar da duk lokacin mangwaro sai mun gan ta. Aka kai shi wajen mai ɗori aka jera kara aka tamke da tsumma. Yaro ya kwana yana ihu ana ce masa ɗori ne ke kamawa, alhali hannun ne ke kumbura a cikin ɗauri jini ya kasa wucewa. Sai bayan wata 4 aka kawo min shi, yatsun sun ƙanƙance sun lanƙwashe kamar ƙafar kaza, tsokar hannun ta bushe ta yi tauri. Na miƙa masa biro ya kasa riƙewa, sai ya sa hagu ya karɓa, uwar ta buge hannun ta ce ba a karɓar abu da hagu, sai kuma ta tuna, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce min, "Ɗan nan, ka gasa masa ko nawa ne za mu nemo." Na ce, "Inna, wannan ya wuce gashi." Da a daren farko aka samu wanda ya san aikin, waya 2 ko 3 siriri zai soka ya riƙe ƙashin, bayan sati 3 zuwa 4 a zare, shikenan yaro ya koma hawan mangwaronsa.

Littafi ya ce in gwiwar hannu tana motsi daga digiri 30 zuwa 130 mutum zai yi yawancin hidimarsa, lissafin Bernard Morrey ne na asibitin Mayo. Ni nawa ma'aunin daban ne. Loma tana kaiwa baki da dama? Zai iya wanke fuska da shafar kai a alwala, ya ɗaga hannu ya yi kabbara, ya dafa ƙasa a sujada? Hagu tana kaiwa wajen tsarki? Mace za ta iya ɗaura ɗankwali, ta kai hannu baya ta gyara goyo? Duk wanda ya rasa ɗaya a cikin waɗannan ba zai yi dariyar da aka yi jiya ba.

To amma fa ina da nawa ƙorafin a kan masu tafiyar, kuma na gaya wa Dakta ido da ido a hanyar gida. Ilimin nan a ƙasashen Turawa aka gina shi a kan cutukansu. Shahararriyar tiyatar gwiwar hannu da Frank Jobe ya fara a 1974 don ɗan wasan jifan ƙwallo na besbol aka yi ta, wasan da mu ba mu cika yi ba. Kafaɗar roba da ƙarfe da Paul Grammont ya juya ta a 1985, ya mayar da ƙwallon wajen allo kwasfar kuma wajen damtse, tsofaffin da tsokarsu ta gama yagewa aka yi wa, tana aiki sosai, amma kuɗinta sai wane da wane. Gwiwar hannu ta roba kuwa in an sa maka za a ce har abada kar ka ɗaga abin da ya wuce kamar kilo 5, to gaya wa mai ga-ruwa haka, da jarkarsa ta lita 25. Mu abin da ke shigo mana gwiwar hannun da ta goce aka bar ta wata 6 a haka, kafaɗar mai sikila da kan ƙashin ya mutu don jini ya daina isa, kafaɗar mai ciwon suga da ta daskare, jaririn da aka ja wajen haihuwa hannu ya saki, da ƙashin da ya ruɓe bayan an tsaga an zuba magani. In ka tafi ka dawo ba abin da ka iya sai aikin kyamara da ƙananan ƙusoshin da ake saye da dala, ranar da injin ya lalace ko aka ɗauke wuta ka zama ɗan kallo. Gara Indiyan ma da ya zaɓa, su ma suna da masu ɗorin gargajiya da marasa lafiya masu zuwa a makare, zai ga irin namu.

Sai kuma maganar dawowa, wadda kowa ya sani ba sai na ja ta ba. Na ga waɗanda suka tafi shekara 1 yau shekara 8 sai dai hoton dusar ƙanƙara a Facebook. Ban cika zarginsu ba, mutum ya koyo aiki ya dawo ba kayan yi, hannu kuma in ba ya aiki mantuwa yake. Asibitin ƙashi na Dala tun 1959 yake karɓar jama'a daga ko'ina a Arewa har da maƙwabta, ga Igbobi a Legas ga na Inugu, marasa lafiyan da za a koyi aiki a kansu ba su ne muka rasa ba. Burina a ce 'yan kaɗan ɗin da suka koyo su haɗu wuri guda a saya musu kaya su fara horar da na baya a nan gida, su kuma riƙa zagawa wajen masu ɗori, ba da faɗa ba, don mutanenmu ba za su daina zuwa can ba, a nuna musu cewa yaro in yatsunsa suka yi sanyi ko suka canza launi ko ya kasa motsa su a kwance ɗaurin nan take a turo shi.

Dakta ya ce min zai dawo, har da rantsuwa. Na ce Allah ya sa, ni dai na riga na buɗe littafi ina rubuta masu jiransa, kuma da muka rabu na lura Alhaji da kansa da ƙyar ya ɗaga hannun dama ya sa hularsa, sai da ya sunkuyar da kai hular ta same shi. Ban ce masa komai ba tukuna.