Ƙarfen da ya bi ta Sabon Gari, a bakin teku ya ƙare

Jiya da la'asar na ratsa ta tashar jirgin ƙasa a Sabon Gari, na tarar da awaki suna kiwo a tsakanin ƙarafan layin dogo. Jama'a, mu nawa ne a Zariya muka san cewa ɗaya bakin wannan ƙarfe yana Apapa, inda jiragen ruwa ke ɗaurewa?

A da can yashi ya toshe bakin ruwan Legas, manyan jirage ba sa iya shiga. Sai su tsaya a teku, ƙanana su yi ta jigilar kaya. Da Turawa suka tashi gyara mashigar, duwatsun da suka jibga don tare yashin daga wajen Abeokuta aka kwaso su, kuma a jirgin ƙasa. Wato dogo ne ya fara yi wa tashar ruwa hidima tun kafin ta tsaya da ƙafarta. A 1914 babban jirgi ya samu shiga, a 1926 aka gama matsayar jirage ta farko a Apapa, layin dogo har gindinsu.

Mu kuwa tun 1911 layin Baro zuwa Kano ya ratsa mu, a 1912 aka haɗe shi da na Legas a Minna. Kuzar Jos ta nan take biyowa a kan ɗan siririn layin da aka rufe a 1957. Auduga da gyaɗar Gusau da Ƙauran Namoda ma haka, daga 1929. Sabon Garin nan kansa dogo ne ya haife shi.

Na san masu cewa ai don kwasar arzikinmu aka yi. Ban musa ba, ba don Allah Bature ya shimfiɗa ƙarfe ba. Amma ko maƙiyinka ne ya haƙa rijiya, in ya tafi sai ka cike ta?

Yau kwantena ta sauka a Apapa, sai tirela. Kuɗin mai, shingayen hanya, lalacewar mota, duk a kan ɗan tireda a kasuwar Sabon Gari suke sauka, shi kuma ya ɗora mana. An buɗe tashar tsandauri, wato tashar sauke kwantena a kan tudu, a Kaduna a 2018, sabon layin dogo ya shiga Apapa a 2021, amma daga Legas iyakarsa Ibadan. Na Kaduna zuwa Kano da zai biyo ta nan, har yanzu muna zuba ido.