Kofin da aka ware a teburin mai shayi

Daren Talatar nan na tsaya wurin mai shayin bakin layinmu, na tarar majalisa ta cika ana ta shewa. Wai wani ne ya kai gyatumarsa asibiti, ya hango wani yaron unguwarmu zaune a layin masu karɓar maganin ƙanjamau. Ya zaro waya ya ɗauke shi hoto ta baya, ya tura wa abokai a WhatsApp. Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Da yaron ya iso bayan isha, sai benci ya dare, kowa ya matsa gefe. Mai shayi ya lalubo wani tsohon kofi mai tsagaggen baki ya zuba masa. Wani ya ce ƙasa-ƙasa, "kabari kusa", aka bushe da dariya. Yaron ya ajiye kuɗinsa, ko kurɓa bai yi ba, ya juya. Ni ma ban ce uffan ba, kuma abin yana cina har yanzu.

'Yan'uwana matasa, don Allah wace riba kuka ci? A cikinku, ku da kuka yi dariyar, mutum nawa ne ya taɓa miƙa yatsa aka ɗebi jininsa aka gwada? Gwano ba ya jin warin jikinsa. Shi wannan da kuka mayar abin nuni ya san halin da yake ciki, yana shan maganinsa. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya dage da sha kullum, har ƙwayar cutar ta yi ƙasa ta yadda gwaji ba ya ganinta, ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Kai kuwa da ba ka taɓa gwaji ba, kake ta ƙyaƙyata, da me ka fi shi? Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Kuma kofi ba ya ɗaukar wannan cuta. Musabaha ba ta ɗauka, cin tuwo a kwano ɗaya ba ya ɗauka, cizon sauro ma haka. Amma ku ɗin nan da kuke ƙyamar kofi, ku ne za ku jera ƙafafu gaban mai yankan farce ya bi ku da ƙarfe ɗaya. Wasu ma, kowa ya san su, sukan lafe a kango su zuba wa jijiya ƙwaya da allura ɗaya. Wannan ba ya ba ku tsoro, sai kofin shayi!

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne karatun da kuka koya wa ƙananan da ke tsaye a gefe. Kowannensu ya tafi gida da abu ɗaya a ransa: kada ka kuskura a gan ka a wurin gwaji. To ta nan cutar take samun hanya. Wanda ya yi ganganci, ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe, suna da awa 72 su isa asibiti a ba su maganin kariya na kwana 28. Mutum a firgice ba ya iya wannan tafiya shi kaɗai, yana bukatar wanda zai ce masa, "Tashi mu je, ni zan raka ka." Wa zai faɗa wa? Kai da bakinka ya fi rariya yoyo? Sai ya haɗiye, awannin su wuce, ya yi aure da abinsa a ɓoye. Baki shi ke yanka wuya, wani lokacin ma wuyan wanda bai ji ba bai gani ba, kamar jaririn da za a iya karewa da uwar ta samu mai raka ta awon ciki.

Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma mata sun fi maza yawa. Waɗannan ba aljanu ba ne, a unguwanninmu suke, muna sahu ɗaya da su a masallaci. Tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta hana tsangwamar su, a 2024 kuma Kano ta wajabta gwaji kafin aure. Amma doka ba ta zama a benci. In saurayi ya san sakamakonsa zai zama abin hira a majalisa, me zai hana shi neman takardar bogi? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ruwa ake shafa wa naka, ba fetur ake watsa wa nasa ba.

Ku gyara, ku ja juna a jiki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa nasa duniya da lahira. Mun haddace, amma da zarar data ta shiga waya sai mu manta.

Da ba haka muka taso ba. Ina tuna kakata, in ta ji maƙwabci ya kwanta, ba ta tambayar ciwon me, kunu take damawa ta ba ni in kai, ta ce in na dawo da wani labari sai ta murɗe mini kunne. Dattijo kan kira yaro zaure ya yi masa faɗa, su fito babu wanda ya ji. Aboki kuwa ɗan'uwa ne, rabin jiki. Yanzu dubiya ta koma leƙen asiri, zumunci ya bar ƙafa ya koma kan allon waya, kunya kuma ta yi ƙaura.

Jiya na daure na bi ta ƙofar gidansu yaron. Ƙanensa ya ce tun asubar Laraba ya hau mota zuwa wurin kawunsu a wani gari. Katin asibitinsa yana nan ƙarƙashin katifa, ranar karɓar maganinsa kuma Litinin ce.