Ya Rinjaye Ni a Magana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa, akwai kuskuren da na taɓa yi wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Da shi zan fara wannan tunatarwa, domin kaina nake yi wa kafin kowa.

Wata rana bayan la'asar aka kira mu sulhu a zauren wani dattijo a unguwarmu. Rigimar bashi ce tsakanin mai shagon hatsi da wani magidanci da ke karɓar masara da gero a wurinsa, sai wata ya yi ya biya. Magidanci ya ce ya biya tas, mai shago ya ce saura kuɗin buhu biyu. Magidancin nan Allah ya ba shi baki. Ya buɗe da salati, ya jawo ayar da ta hana cin dukiyar mutane da ɓarna, ya tuna mana shekarun da ya yi a unguwa ba a taɓa jin kansa da kowa ba, har muryarsa ta soma rawa. Shi kuwa mai shago i'ina gare shi, in ransa ya ɓaci magana ba ta fita. Sai maimaitawa yake, "Wallahi saura biyu," yana share gumi da hularsa. Tun ba a je ko'ina ba na gama yanke hukunci a zuciyata, har na ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah."

Dattijon bai ce uffan ba sai da kowa ya yi shiru. Sannan ya dubi magidancin ya ce, "Alhaji, ta yaya ka biya?" Ya ce ta waya ya tura. "To, buɗe mu gani." Aka duba, aka sake dubawa. Kuɗin da yake tunawa na watan da ya gabata ne. Ba ma ƙarya ya yi da gangan ba, mantuwa ce, ga shi kuma ya iya zance, sai mantuwar ta fito sanye da rigar gaskiya.

Manzon Allah (SAW) ya riga ya gargaɗe mu a kan wannan. A hadisin Ummu Salama (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya ce shi mutum ne, ana kawo masa ƙara, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujjarsa, sai ya yi masa hukunci bisa abin da ya ji. To duk wanda ya yanke wa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa, kada ya karɓa, domin yankin wuta ne aka yankar masa. Ka tsaya a nan, ɗan'uwa. Idan wanda ake yi wa wahayi ya faɗi haka, ni da kai da ke yanke hukunci a kan saƙon murya ɗaya fa? A Suratu Sad, aya ta 23, mai tunkiya ɗaya da ya kai ƙarar mai tumaki 99 gaban Annabi Dawud (AS) bai ce ɗan'uwansa ya fi shi hujja ba. Cewa ya yi, "ya rinjaye ni a magana."

Abin da ya ruɗe ni a zauren nan shi ne ayar da magidancin ya karanta. Ayar gaskiya ce, babu kokwanto. Amma ba ta faɗa mana wanda ya biya da wanda bai biya ba. Dalili yana iya zama ingantacce amma bai isa inda ake son kai shi ba. Lokacin da Khawarijawa, mutanen da suka ɓalle daga rundunar Ali, suka ɗaga murya da cewa babu hukunci sai na Allah, Sayyidina Ali (RA) bai ƙaryata kalmar ba. Ya ce kalmar gaskiya ce da ake nufin ɓarna da ita. Saboda haka in mutum ya jero maka ayoyi da hadisai, kada yawansu ya rufe maka ido. Ware da'awarsa gefe guda, ka tambayi kanka: wannan nassin, a kan wannan maganar yake?

Hawaye ma haka. 'Yan'uwan Annabi Yusuf (AS) sun zo wa mahaifinsu da dare suna kuka, ga riga da jini a kai. Kuka, shaida ta gani da ido, da bakin mutane da yawa a kan magana ɗaya: me ya rage? Malaman tafsiri suka ce Annabi Ya'aƙub (AS) ya duba rigar bai ga yaga ba, wane irin kerkeci ne zai cinye yaro ya bar rigarsa lafiya lau? Daga baya a Suratu Yusuf, aya ta 26 zuwa ta 28, wata rigar ce ta sake raba gardama. Mai shaida daga dangin matar Aziz, wadda ta zargi Yusuf da neman ta, bai ce a duba wanda ya fi matsayi a gidan ba, bai ce a ji wanda ya fi ɗaga murya ba. Ya ce a duba ta ina rigar ta yage, ta gaba ko ta baya. Tambaya ce da amsarta ba ta san sani ko sabo ba. An ruwaito cewa wata mata ta zo gaban Alƙali Shuraihu tana kuka, Sha'abi ya ce yana ganin an zalunce ta, sai Shuraihu ya tuna masa cewa 'yan'uwan Yusuf ma da kuka suka zo. Ba cewa ya yi ƙarya take ba. Kukan ne bai isa hukunci ba.

Yau kuwa abin ya zama kamar dambe. A yanko daƙiƙa 30 daga karatun awa biyu, a ɗora, mu yi ta sowa, "Ya ƙure shi! Ya kasa amsa!" Wa ya ce shirun mutum shaidar rashin gaskiyarsa ce? Mai shagon nan ma ya kasa amsa. Wani mai son jayayya ya taɓa bin Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya ce su yi muƙabala, wanda aka kayar ya bi ɗaya. Malik ya ce, in wani na uku ya zo ya kayar da mu duka fa? Ya ce sai mu bi shi. Malik ya ce masa Allah ya aiko Annabi Muhammad (SAW) da addini guda, kai kuwa na ga kana ta ƙaura daga wannan zuwa wancan.

Sauran ma'aunan mun san su, aiki da su ne ke mana wuya. Daga ina labarin ya fito? Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi, wato jerin mutanen da suka ruwaito magana, ɓangare ne na addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren? Da Annabi (SAW) zai tura Ali Yaman ya yi alƙalanci, ya ce masa kada ya yanke hukunci sai ya saurari na biyu kamar yadda ya saurari na farko.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne idan hujjar tana goyon bayan abin da nake so. Nan take sai in ga ta yi ƙarfi, ko da ramammiya ce. In ta saɓa wa malamina ko ƙungiyata kuwa, sai in koma mai binciken ƙwaƙwaf. Imam Shafi'i yana cewa bai taɓa muƙabala da wani ba face ya so Allah ya bayyana gaskiya, ko a harshensa ko a harshen abokin muƙabalar. A zauren nan ni ban kai can ba, kuma sai daga baya na gane dalili: da magidancin muke sahu ɗaya a masallaci, mai shago kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Washegari da safe na je shagon. Na same shi yana auna wa wata yarinya gero, ya cika mudu ya yi masa tozo. Na ce, "Malam, jiya na zalunce ka da bakina, ka yafe mini." Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito. Ya ce, "Ba komai, Malam. Na saba."