Rumfata da tef ɗin maƙwabci

A Ingila mutum na iya kafa rumfa a bayan gidansa ba tare da neman izinin ƙaramar hukuma ba, muddin bai ƙetare iyakokin dokar tsara gine-gine ta 2015 ba. Kada ta zama a gaban gida, kada gine-ginen su cinye fiye da rabin filin da ke kewaye da gidan. In tana cikin mita 2 daga shingen maƙwabci, tsayinta kada ya wuce mita 2.5. Na haddace wannan tsaf, ina rera wa uwargida kamar da ni aka zauna aka rubuta.

Zaɓen rumfar ma sai da aka kai ruwa rana. Ni ta katako nake so, mai sanduna jere a sama, furanni na hawa. Uwargida ta ce, "Baban yara, a ƙasar da ruwa ba ya sallama kafin ya sauko za ka kafa mana rumfa mai ɓuli?" Ita ta gilashi take so. Mai sayarwa ya ce gilashi akwai kyau, sai dai duk tantabarar da ta gifta sai ta bar shaida, kuma dole wani ya hau tsani ya wanke. Kowa ya san ko wane ne wanin nan. Ta roba ta fi araha, amma in ruwa na dukanta ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Na ɗan yi jim ina auna wannan fa'ida, sai na ga irin kallon da ake yi mini, na ce a nuna mana ta gaba. Muka tsaya kan ta alminiyom mai fallayen rufi da ake juyawa da rimot, a buɗe in ana son rana, a rufe in hadari ya taso. A takardarta an rubuta tsayi mita 2.5 cif.

Uwargida ta ce ba za ta riƙa taka taɓo ba, a yi mata dandamalin katako. Doka ta yarda da shi in bai haura santimita 30 ba, namu kuwa 20 ne. Kafinta ya buga dandamali, ya ɗora rumfa a kai.

Maƙwabcinmu dattijo ne da ya yi ritaya, mutum mai fara'a da lokaci mai yawa. Na hango shi a kan tsani wai yana gyaran shinge, amma babu almakashi a hannunsa, tef ɗin awo ne. "Rumfa ta yi kyau, maƙwabci," in ji shi. "Mita 2.7 ke nan ko?" Na shiga da sauri na ɗauko takardar kamfani na ɗaga masa. Ya karanta har ƙarshe, ya yi murmushi ya ce daga ƙasa ake awo, ba daga kan katako ba.

Ba a jima ba wasiƙa ta iso daga ƙaramar hukuma, wata jami'arsu ta biyo bayanta da nata tef ɗin. Ta durƙusa gefen dandamali, ta dasa bakin tef a cikin ciyawa, ta ja sama. Na tambaye ta, cikin ladabi, ko in zubo ƙasa a gefen in ɗaga wurin kaɗan. Ta dube ni irin duban wanda ya sha jin wannan dabara, ta ce ƙasar asali ake nufi.

Ta ce zan iya neman izini bayan gini, in biya kuɗi, in jira kamar mako 8, kuma za a ji ra'ayin maƙwabta. Na waiga, dattijo ya ɗaga mini hannu daga tagarsa. Ko in matsar da ita nesa da shinge, inda mita 3 ma halal ne, amma filin namu siriri ne, in na guje wa wannan shinge na faɗa wa wancan. Yanke ƙafafu kuwa kamfani ya ce garanti ya tashi, ga shi ruwan rufin ta cikin ginshiƙan yake bi ya fita. Na kawo zancen cire dandamali, uwargida ta ce, "Dandamalina ba inda za shi."

Kafinta ne ya raba gardama. Ya huda katakon a kusurwa huɗu, ya zura ginshiƙan har ƙasa. Rumfa ta dawo 2.5, fitilar da uwargida ta rataya kuma ta dawo daidai goshin ƙanenta, wanda yanzu da sunkuyo yake shigowa gaishe mu.

Ranar da aka tafka ruwa na gayyaci dattijo ya zo ya ga halal ɗin rumfa. Ya zauna, ya yaba, ya ɗauki rimot yana juyawa. Kafin in ce kada, ya danna. Fallaye suka buɗe, ruwan sama ya sauko mana a ka mu biyu. Ya cire tabarau ya yarfe, ya kalli sama ya ce, "To, wannan kam doka ba ta hana ba."