Na'urar Lantarki Ba Ta Ɗinke Yoyon Fitsari

A wajen wani suna a Agege na ji wata baiwar Allah tana ce wa ƙanwarta ta sayi na'urar nan mai batir da ake tallatawa a Facebook, wai tana maganin kowane irin yoyon fitsari. Abin ya dame ni, domin ba haka ba ne.

Ana saka kan na'urar a cikin gaban mace, ta aika lantarki mara ƙarfi, sai tsokokin ƙasan mara da ke tallafe mafitsara su matse, su saki. Tana taimakon macen da haihuwa ta raunana mata tsokokin har ba ta iya matse su da kanta, wadda fitsari ke kuɓuce mata in ta yi tari ko ta ɗaga jarkar ruwa. Ita ma ɗin, atisayen matsewa da likita Arnold Kegel ya bayyana a 1948 shi ne ginshiƙi, kuma sai an jure aƙalla wata 3.

Amma wadda fitsari ke zubo mata dare da rana bayan doguwar naƙuda, ƙofa ce ta ɓule a mafitsara. Wannan yawanci sai tiyata. Mai ciki da wadda aka dasa wa na'urar bugun zuciya kuwa, kada su taɓa wannan na'ura mai batir.