Maɓallin Redirect da na daɗe ina cigiya

Akwai wani ɗan maɓalli a harkar imel da har yau nake mamakin yadda wasu manyan kamfanoni suka yi ko-oho da shi. Sunansa Redirect, wato karkatar da saƙo zuwa ga mai shi.

Ni nake riƙe da akwatin imel na ofishinmu, wanda kowa ke rubuto wa. Ran nan da safe wani ɗan kwangila ya aiko da takardar neman biyan kuɗinsa. Aikin akawu ne, sai na danna Forward na tura masa. Akawu ya duba, ya danna Reply ya ce lambar asusun ba ta cika ba. Ina amsar ta faɗo? Wajena mana. Na kwafa na aika wa ɗan kwangila, ya amso mini, na sake turawa. Kafin azahar kan saƙon ya tara Fwd da Re kamar jerin gwano, ni kuma na koma ɗan aike, har akawu yana tambayata, "Malam, wai me ya ce?"

Forward sabuwar wasiƙa ce daga gare ka, ka kwafi tsohuwar ka cusa a ciki. Redirect kuwa ambulan ɗin ne yadda ya zo ka miƙa wa mai shi. Sunan wanda ya rubuto yana nan a matsayin mai aikowa, kan saƙon bai canza ba, in an amsa kai tsaye wajensa za ta tafi. Sawunka kawai shi ne wasu layuka a ɓoyayyun bayanan saƙon, irin su Resent-From da Resent-To. Kuma ba sabon abu ba ne, yana cikin ƙa'idar imel ta RFC 822 tun 1982.

To a ina ake samunsa? Na sha yawo. Manhajar Mail ta kwamfutocin Apple tana da shi a ƙarƙashin Message. Thunderbird, wadda kyauta ce, da can sai ka ɗora mata ƙari, amma tun fitowa ta 91 a 2021 ya zama nata. Masu Linux suna da shi a KMail da Evolution da Claws Mail. Tsofaffin hannu masu Mutt harafin b kawai suke dannawa, su a wajensu sunansa bounce. Outlook na ofisoshin da ke kan Exchange, wato tsarin imel na Microsoft, yana ba ka damar kafa doka ka ce duk saƙo irin kaza a karkatar da shi ga wane.

Gmail fa, wanda kusan dukanmu muke ciki? Buɗe saƙo a shafinsa ko a waya ka lalube, babu. Abin da ya fi kusa shi ne ka kafa matatar saƙonni, wato filter, ta riƙa tura su da kanta, wannan yana barin sunan mai aikowa. Amma matatar ba ta san cewa wasiƙar yau ta akawu ce, ta gobe ta shugaba ba. Ni da na karanta na sani.

In za a yi adalci, kamfanonin suna da hujja. Saƙon da ya fito daga hannunka ɗauke da sunan wani, a idon na'ura kama yake da aikin 'yan damfara. Shi ya sa aka kafa SPF da DKIM da DMARC don tantance mai aikowa, kuma tun da Yahoo ya tsaurara nasa a 2014, saƙon da aka karkatar yana iya faɗawa kwandon shara ko a ƙi karɓarsa gaba ɗaya. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce don akwai ɓarayi a kasuwa sai a hana ɗan dako aiki. A bar shi ko da tsakanin adireshin ma'aikata ɗaya ne.

Yanzu dai Thunderbird na sa a kwamfutar ofis, na haɗa ta da imel ɗin da ke kan adireshin ofishinmu. Shawarata, kafin ka dogara da shi ka karkatar da saƙo ɗaya ga abokin aikinka, ka tsaya a kansa ya buɗe, ku ga sunan wa ya bayyana, ya danna Reply ku ga ina ta nufa. Akawunmu dai tun makon jiya shi da ɗan kwangilarsa suke fafatawa, ban ma san ko an biya ba.